Bambanci Tsakanin Auna Fahimta da Koyar da Ita a Firamare

Abin da aka saba gani a darasin karatu shi ne malami ya sa yara su karanta labari, sa'an nan ya jero musu tambayoyi, ya ba kowa maki. Wannan aiki sunansa auna fahimta, kuma awo ne kawai. Ya kan nuna wanda ya gane da wanda bai gane ba, amma ba ya nuna wa na baya hanyar da zai bi ya gane.

Matsalar ba ta ƙasar Hausa ba ce kaɗai. A binciken da Dolores Durkin ta yi a azuzuwan firamare na Amurka, wanda aka buga a 1978-79, ta tarar lokacin da malamai su ke ɓatawa wajen koyar da fahimta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, tambaya da gyaran aiki su ne su ka rinjaya. A 1984 Annemarie Palincsar da Ann Brown su ka bayyana wata hanya mai dabaru huɗu, watau hasashen abin da zai biyo baya, da ƙirƙiro tambaya, da warware abin da ya shige duhu, da taƙaitawa. Malami ne zai fara yi a bayyane, yara na jin yadda ya ke tunani, daga nan su riƙa karɓar jagoranci bi da bi.

Ga mai karatun Hausa, dabarar warwarewa ta fi sauran nauyi, domin rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar "gari" tana iya nufin wurin zama, tana iya nufin abin tuwo. Yaro ba zai ma furta ta daidai ba sai ya dubi kalmomin da ke kewaye da ita. Saboda haka idan ya kuskure, ba daidai ba ne malami ya yi saurin faɗa masa. Ya kamata ya sa shi ya kai ƙarshen jimla, ya komo baya, ya faɗi abin da ya sa ya zaɓi ma'ana guda. Malamai da yawa ba su da wannan haƙuri, musamman a ajin da ya cika maƙil.

Haka nan irin tambaya. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, tambayar wane ne ke ba Musa labari ba ta wuce a ɗora yatsa a kan layi ba. Amma idan aka tambayi dalilin da ya sa aku ke jan labari har gari ya waye, dole yaro ya tuno makircin Waziri, ya haɗa shi da abin da ke gabansa. Irin wannan tambaya ce ake so yara su iya yi wa junansu, littafi a rufe.