ABINCIN SHEKARA: INA IYAKAR TANADI, INA FARKON ƁOYE?

 Akwai wata tambaya da take yawan zuwa mana a zauren karatu a nan birnin Katsina, musamman daga ma'aikatan gwamnati, kuma ba ta tashi zuwa sai kaka ta kama: shin magidancin da ya sayi buhunan gero da masara ya jibge a ɗaki domin iyalinsa, ya shiga cikin masu ɓoye abinci waɗanda Shari'a ta zarga? Wasu ma har suna ƙarawa da cewa yin haka ƙarancin tawakkali ne. Mun ga ya kamata mu warware wannan magana, domin ruɗanin da ke cikinta yana ci wa gidaje da yawa kuɗin da ba su da shi.

Kowa ya san halin da aka shiga tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Ba a jima ba aka rufe iyakarmu da Jamhuriyar Nijar a watan Agusta na shekarar, hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta yi tsit, gwamnatin Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris na 2024. A tsakiyar 2024 ɗin nan hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a kan ta bara. An mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a watan Yuli, amma dattawanmu da suka karɓi kuɗin Udoji a 1975 sun riga sun gaya mana yadda irin wannan take ƙarewa: kuɗin kan iso hannu ne bayan kasuwa ta riga ta ji labarinsu. Farashin hatsi ya sauko ainun a 2025, alhamdu lillahi. To amma sauƙi shi ne lokacin shiri, ba lokacin mantuwa ba.

Abin da ba ya canzawa, ko ana tsada ko ana araha, shi ne juyin shekara. A yawancin shekaru hatsi ya fi araha da kaka, sa'ad da manomi yake neman kuɗin biyan bashi da na biki, ya kuma fi tsada a tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa a 1967, ta kuma rubuta cewa talakan manomi kan sayar da hatsinsa da arha bayan girbi, sa'an nan ya koma saye da tsada kafin sabo ya nuna. Abin da ta gani ga manomi shi muke gani yau ga ma'aikaci, sai dai shi ko sayarwar farkon ma bai samu ba. Buhun da ya bar kasuwar Ɗandume ko ta Charanchi sai ya bi ta hannun dillali, da mai mota, da mai sito, da mai awo a babbar kasuwa, da mai tebur a bakin layi, kafin ya zama gwangwani biyu a hannun yaron da aka aika cefane. Kowannensu ya ci ribarsa, kuma halal ce gare shi in bai yi algus ba. Amma dukkan ribar nan mutum ɗaya ne yake biyanta, watau na ƙarshe. Babban buhu yakan ɗauki tiya 40 ko kusa da haka. Duk wanda ya zauna ya ninka kuɗin tiyar unguwa sau 40, ya gwada da kuɗin buhu a kasuwar hatsi da kaka, zai gane cewa mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya fi kowa sayen abinci da tsada a garin nan.

Mu koma kan hukunci. Ya inganta a cikin Bukhari da Muslim, daga Sayyidina Umar, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana ware wa iyalinsa abincin shekara daga dukiyar Banun Nadir. Babu wanda ya kai shi tawakkali, balle ya fi shi. Haka nan a Suratu Yusuf, daga aya ta 47, an ba mu labarin yadda Annabi Yusuf (A.S.) ya ba mutanen Masar shawarar su bar hatsin shekarun yalwa a cikin zangarniyarsa domin shekarun fari. Kakanninmu da suke zuba damman gero a rumbu ba tare da sun sussuka ba, a kan wannan hikima suke. Saboda haka tanadin abincin gida sunna ce.

Sai dai malamai sun yi wata rarrabewa mai kyau, wadda Imamun Nawawi ya ciro daga Alƙali Iyal a sharhinsa na Muslim. Idan mutum daga kasuwa zai saya, a duba lokacin. In lokacin yalwa ne, ya sayi na shekara ko fiye. In kuwa lokacin ƙunci ne, kada ya sayi abin da zai ƙuntata wa sauran Musulmi, ya tsaya ga na 'yan kwanaki ko na wata guda. A nan Shari'a da lissafin aljihu suka haɗu wuri ɗaya: lokacin da aka halatta maka cika ɗaki shi ne lokacin da ya fi maka araha. Babban ma'aikacin da ya yi barci da kaka, sai a watan Yuli ya shiga kasuwa da mota ya kwashe buhu ashirin alhali masu tiya ɗaya suna layi, ya yi asara kuma ya yi laifi.

Ɓoyon da aka hana, wanda ake kira ihtikari, ya shafi 'yan'uwanmu 'yan kasuwa. Hadisin Ma'amar ɗan Abdullahi a cikin Muslim ya siffanta mai yinsa da mai saɓo. A mazhabar Malikiyya ma'aunin shi ne cuta: sayen kaya daga kasuwar gari a tsare su har abin ya cutar da mutane. Fataken da ya sayo hatsi lokacin da ya yi yawa, ya adana shi, ya fito da shi sa'ad da ake bukata, ya yi wa gari aikin rumbu, ribarsa tsarkakakkiya ce. Wanda ya kulle sito yana jin kukan gari yana jiran a ƙara kuka, shi ake nufi, kuma hukuma tana da ikon tilasta masa sayarwa idan lalura ta kai. Haka nan an hana tare masu kawo kaya a hanya a saye kafin su iso kasuwa su san farashi, abin da har yau ake yi a bakin wasu kasuwanninmu na mako ba tare da kunya ba.

To, wani zai ce: Malam, mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ina zai ga kuɗin buhu? Tambaya ce ta gaskiya. Amsarta tana cikin abin da muka riga muka iya. Duk ƙarshen azumi mutanen unguwa ko na ofis sukan haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka a kasa, kowa ya ɗauki kasonsa, abin da muke kira watanda. Me ya hana a yi watandar gero, da ta shinkafa, da ta jarkar man gyaɗa, da ta katan ɗin sabulu? Mutum huɗu su haɗu a kan buhu ɗaya, kowa ya tashi da tiya goma a farashin sari. Manzon Allah ya yabi mutanen Ash'ari, ƙabilar Abu Musa, domin idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tattara shi wuri ɗaya su raba daidai da ma'auni guda. Sharaɗi dai a sami amintacce, a rubuta abin da kowa ya bayar, a auna a gaban kowa. Mai adashi kuma ya roƙi a sa ɗaukarsa ta faɗo a Nuwamba ko Disamba, ba a watan bikin ƙanwarsa ba.

Akwai kuma cinikin salam, wanda muke karantawa a Risala muna wucewa kamar ba da mu ake ba. Shi ne ka biya kuɗi yanzu, a kawo maka hatsi da kaka. Ibn Abbas ya ruwaito cewa Manzon Allah ya tarar da mutanen Madina suna yinsa, ya tabbatar da shi bisa sharaɗin a san ma'auni, a san nauyi, a san ajali. Dole a biya kuɗin a gaba, a siffanta irin hatsin, kuma kada a rataya cinikin ga amfanin wata gona takamaimiya, domin gonar tana iya ƙin yi. Manomi ya sami kuɗin taki, ma'aikaci ya sami rangwame. Amma a kiyaye, wannan daban yake da tsohuwar al'adar nan ta ba da damin gero ɗaya da damina a karɓi biyu da kaka. Wancan riba ce tsagwaronta. Kuma ko a salam ɗin, matse manomi don an ga yana cikin halin ni-'yasu ba ɗabi'ar mumini ba ce.

Littafin bashin mai shago shi ne ramin da albashi da yawa suke faɗawa. Jumhurin malamai sun yarda farashin bashi ya ɗara na hannu, muddin an yanke shi tun lokacin ciniki. Abin da bai halatta ba iri biyu ne: a ɗauki kaya ba a faɗi kuɗi ba, a ce sai ƙarshen wata a lissafa da farashin ranar, da kuma a ƙara wa mutum kuɗi don ya jinkirta biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Magidanci ya riƙe nasa littafin, ya rubuta kaya da kuɗinsu a ranar da aka ɗauka.

Hatsin da aka saya da araha ƙwari suka cinye rabinsa, ya fi na mai tebur tsada. A tabbata ya bushe sarai, a ɗora buhu a kan katako, kada ya jingina da bango. Wake shi ya fi ban tsoro. Akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Idan aka ɗaure shi iska ba ta shiga, ƙwarin sukan mutu da kansu. Jarka ko duro mai murfi gam, a cika shi fal, shi ma yana yin wannan aiki. Zuba wa abinci maganin ƙwari irin na feshi kuwa, muna ganin haramun ne ga mai gida da mai sito baki ɗaya. Saboda irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Abin da wasu suka ƙi karɓa a tashar jirgi, bai kamata mu zuba shi a tukunyar 'ya'yanmu ba.

Kayan miya ma suna da kakarsu. Sa'ad da tumatir da tattasai da albasa na noman rani suka cika kasuwa, daga Ajiwa da Jibiya da Ɗanja, lokacin yanka da shanya ke nan. Iyayenmu mata da kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa suka raini garin nan. A kuma riƙa auna abin da za a ɗora, gama Bukhari ya ruwaito daga Miƙdamu umurnin auna abinci da alkawarin albarka a cikinsa. Sai dai muna gargaɗin maza kada su mai da wannan sandar dukan matansu. Ciyarwa wajibi ce a kan miji gwargwadon halinsa, kuma da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar Abu Sufyan, izini aka ba ta ta ɗibi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa al'ada. Mai kulle ɗakin hatsi ya tafi ofis da mabuɗi, marowaci ne, ba mai tattali ba.

A 'yan shekarun nan azumi yana ƙara kusantar kaka. Na 2025 ya kama a farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Geron kunu, da waken ƙosai, da hatsin zakkar fid-da-kai, duk ana iya sayensu tun a Nuwamba, kafin Sha'aban ya shigo gari ya ɗunguma kasuwa rana ɗaya.