Shin Zoɓo da Karan Dafi Suna Ƙara wa Mai Ciki Jini?

 Sau da yawa a ɗakin awon ciki, idan aka gaya wa mace jininta ya yi ƙasa, sai ta ce ai kullum tana shan zoɓo, ko kuma ana dafa mata karan dafi a gida. Mutane da dama sun ɗauka duk abin sha mai ja jini yake zama a jiki. Domin mu gane gaskiyar lamarin, bari mu duba inda wannan launi ya samo asali.

Daga ina launin yake fitowa?

Tsirrai suna haɗa wasu sinadarai da masana ke kira filabonoyid, kuma an gano fiye da iri 6,000 daga cikinsu. Su ne ke ba zoɓo da karan dafi da jar albasa launinsu. Akwai su kuma a ganyen shayi da lemo da waken suya. Tsiro yana yin su ne don amfanin kansa: su kare shi daga zafin hasken rana da ƙwayoyin cuta, su kuma jawo ƙudan zuma zuwa furensa.

Duk wannan dangi ta ƙofa ɗaya suke fitowa. A cikin tsiro akwai wani sinadari mai gaggauta aiki, wato inzayim, mai suna kalkon sintes. Aikinsa shi ne ya haɗa ƙananan sinadarai guda 4, uku iri ɗaya, ɗaya daban, ya fitar da wani abu da ake kira kalkon. Daga kalkon ne sauran inzayim suke ci gaba da aiki har a sami ja ko shunayya. Masana a Jamus ne suka fara gano shi a shekarar 1972.

Umarnin yin wannan inzayim yana cikin ƙwayoyin gadon tsiro. Wani tsiron ƙwayar gado ɗaya gare shi ta wannan aiki, wani kuma, kamar waken suya, yana da su da yawa. Waken suyar da muke awara da shi ɓawonsa ba shi da duhu, saboda waɗannan ƙwayoyin gado a rufe suke a cikin ɓawon. Irin da suke aiki a ɓawonsa kuwa baƙi yake fitowa ko ruwan ƙasa. A 1990 wasu masana a Amurka suka ƙara wa furen fetuniya wannan ƙwayar gado don launinsa ya ƙara duhu, sai ga shi da yawa daga furannin sun fito farare, domin ƙarin ya rufe har ta asalin.

Me ya haɗa wannan da jininki?

Jan zoɓo rini ne na tsiro, kuma babu sinadarin ƙarfe a cikin rinin. Jan jini kuwa daga himogulobin yake, wanda ke ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jikinki da na ɗan da ke cikinki. Jiki ba ya iya yin himogulobin sai da sinadarin ƙarfe. Lokacin goyon ciki buƙatarsa tana ƙaruwa sosai. Idan awon himogulobin ya gaza 11 a farkon ciki ko a ƙarshensa, akwai ƙarancin jini. Wannan kan jawo haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi, kuma zubar jini kaɗan wajen haihuwa kan iya jefa ran uwa cikin haɗari.

Bugu da ƙari, wasu daga cikin filabonoyid, musamman na ganyen shayi, suna kama sinadarin ƙarfe a cikin hanji su hana jiki tsotsarsa. Matar da ke haɗiyar ƙwayar ƙarin jini da shayi ta rage wa kanta amfanin maganin. Wannan ba ya nufin filabonoyid guba ne. 'Ya'yan itatuwa da ganyayen da ke ɗauke da su abinci ne mai kyau, sai dai ba sa maye gurbin magani.

Abin da ya kamata ki yi

1. Ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da 0.4 na folik asid kowace rana. Idan bayan gida ya yi baƙi kada ki tsorata, aikin maganin ne.

2. Ki haɗiye ta da ruwa. Ki bar tazarar awa 2 tsakaninta da shayi ko kofi.

3. Ki ci nama da kifi da wake da zogale da alayyahu, ki haɗa da lemo ko gwaiba, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotsi ƙarfe.

4. Kada ki mai da zoɓo ko karan dafi ko wani jiƙo magani. Zoɓo yana iya sauke bugun jini, don haka ki gaya wa ungozoma duk abin da kike sha.

5. Ki kwana cikin gidan sauro, ki karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wurin awo, domin wannan zazzaɓi yana cinye jini.

Idan kika ji jiri ko yawan kasala ko haki ko faɗuwar gaba, ko kika ga cikin idonki da tafin hannunki sun yi fari, ki garzayo asibiti kada ki jira ranar awo. Maigida, kai ma da naka aikin: ka tuna mata shan magani, ka kuma ba ta dama ta zo awo aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Allah Ya sauke ku lafiya.