Shin Ko Kun San? Basaraken da Ya Bar Rundunarsa Ya Koma Kan Buzun Karatu

A tatsuniyoyi da finafinai ba a rasa wani yarima da ya fi son littafi a kan rawani, ana nemansa a fada yana ɗakin karatu. Mai zama a Abuja, garin da ake kwana a ƙofar manya don neman kujera, yana iya ɗaukar irin wannan mutum ƙagen marubuta ne kawai. To an yi shi a ƙasar nan, sunansa Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu, wanda ake kira Abdullahin Gwandu.

Shin ko kun san Shehu ya girme shi da kusan shekara 12? An haifi Shehu a 1754, Abdullahi kuma wajen 1766. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsu, yana da shekara 13 aka miƙa shi ga wansa. Daga nan Shehu ya zama malaminsa, shi kuma ya zama abokin tafiyarsa a yawon wa'azi cikin Gobir da Zamfara da Kabi. Sun yi tarayya a wasu malamai, ciki har da Malam Jibrila ɗan Umaru. Abdullahi bai yarda sunayen malamansa su ɓace ba, sai da ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, a kan wa ya karantar da shi me. Da wannan littafi ne masu bincike suke gane irin karatun da ake yi a ƙasar Hausa kafin jihadi.

Shin ko kun san yana wurin ranar da Shehu ya ƙi karɓar kyautar sarki? Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ranar Idi, ya raba musu dukiya. Shehu ya ce shi ba dukiya ta kawo shi ba, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Abdullahi yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya ga wannan da idonsa.

Kada a zaci ragon malami ne mai tsoron ƙarfe. Bayan hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, shi ne mutum na farko da ya yi wa Shehu mubaya'a. Shi ya ja runduna a Tabkin Kwatto cikin Yunin shekarar, inda aka karya Sarkin Gobir Yunfa. Shi kuma ya ci Birnin Kebbi a 1805. Wazirin Shehu ne, babu mai ja da matsayinsa.

Shin ko kun san duk da haka wata rana ya juya wa rundunar baya ya kama hanyar gabas? Wajen 1807 ne, ana kan hanyar zuwa yaƙin Alƙalawa, babban birnin Gobir. Abin da ya kore shi ya daɗe yana cin ransa. A Tsuntsuwa, ƙarshen 1804, jama'ar Shehu ta yi hasarar mutum wajen 2,000, an ce 200 daga ciki mahaddata Alƙur'ani ne. Aka sake shan kashi a Alwasa a 1805. Abokan karatunsa da suka fito don Allah suna ta ƙarewa, waɗanda ke cike gurbinsu kuma idonsu na kan ganima da dawakai da tufafi masu ado da muƙami. Ya duba kansa ma bai wanke kansa ba. Sai ya sulale da abokai biyar, suka kwana uku a daji ba su ga kowa ba, da niyyar ba za su tsaya ba sai Makka da Madina.

Bai wuce Kano ba. Mutanen gari suka tare shi, suka ce bai tafiya sai ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a, domin sun karɓi gari amma ba su gama sanin yadda za su riƙe shi ba. Lokacin Malam Sulaimanu ne ke sarauta. Abdullahi ya gaya musu a fili cewa abin da ya tarar a wurinsu shi ne abin da ya gudo ya bari a baya. Duk da haka ya zauna, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani har ƙarshe, ya kuma rubuta musu Liya'ul Hukkami. Har ya ba da labarin cewa an farfasa kayan kiɗa, aka mai da kututturan ganguna akusan harawar dawaki. Makaɗan fadar Kano na yau shaida ne cewa wannan gyara bai yi tsawon rai ba.

Abin mamaki a nan shi ne, mutumin da ya gudu daga mulki shi ya bar wa daular littafin da alƙalai da sarakuna suka riƙa komawa gare shi a kan mulki: yadda ake naɗa shugaba, aikin waziri da alƙali, hukuncin ƙasa da dukiyar baitulmali, da iyakar da shugaba ba ya tsallakewa. Abdullahi yana cikin masu tsananta gargaɗi kada shugabancin Musulmi ya rikiɗe ya zama sarautar gado, ɗa ya bi uba ba shawara. Gidansa kuwa shi ke riƙe da sarautar Gwandu har yau, shekara kusan 200 bayan rasuwarsa.

Daga Kano ya koma gida, bai taɓa samun zuwa aikin Hajji ba har ya bar duniya. Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Shin ko kun san wan nasa ma bai zauna a kujerar ba? A 1812 Shehu ya raba tafiyar da daula gida biyu, yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, shi kuma ya koma ga karantarwa da rubutu a Sifawa, kafin ya ƙaura Sakkwato a 1815. Abdullahi ya zauna a Boɗinga, shi ya sa ake masa laƙabi da Mai Boɗinga. A waɗannan shekaru, yana riƙe da rabin daula, alƙalaminsa ya fi gudu. A 1813 ya haɗa Tazyinul Waraƙati, inda ya tattara waƙoƙinsa na Larabci ya saƙa tarihin jihadi a tsakaninsu, kuma a can ne ya ba da labarin guduwarsa da bakinsa. Wani Bature, Mervyn Hiskett, ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Ibadan a 1963.

Babban aikinsa shi ne tafsirin Liya'ut Ta'awili, wanda ya kammala wajen 1816, aka buga shi a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu. Da ya ga ya yi wa ƙananan ɗalibai nauyi, sai ya sake rubuta wani gajere, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya tsaya a kan ƙira'ar Warshu da mazhabar Malikiyya, tun da su ne mutanen ƙasar suka sani. Wannan halin malamin zaure ne, wanda ya san inda almajiri ke tuntuɓe.

Nahawu kuwa nan ne gidansa. Baharul Muhiɗi baiti ne sama da 4,000 a kan nahawu kaɗai, ga Hisnur Rasin mai baiti wajen 1,000 a kan sarfu. Ya ɗauki ilimin tafsiri na Imamu Suyuɗi ya mai da shi waƙe don ya yi sauƙin hadda. Masu ƙirga littattafansa sun saɓa, wasu sun tsaya ƙasa da 100, wasu sun haura. Saboda ƙarfin Larabcinsa har Balaraben Sudan ake ce masa, shi da bai taɓa taka ƙasar Larabawa ba.

Shin ko kun san an taɓa rufe masa ƙofar Sakkwato? Nan ne labarinsa ya rabu da na yariman tatsuniya. Shehu ya rasu a Afrilun 1817. Kafin Abdullahi ya iso daga Boɗinga, manyan jama'a sun riga sun yi wa Bello mubaya'a, ya tarar da ƙofar gari a garƙame. Ya juya, daga baya ya tare a Gwandu, aka ɗauki shekaru shi da ɗan wansa ba sa ga maciji. Masu son su nuna bai taɓa sa ran gadon Shehu ba suna yi masa ƙarin gishiri ne. Shi ne babba, shi ne waziri, shi ne mafi zurfin karatu a cikin waɗanda suka rage, kuma abin ya yi masa ciwo. Mutum yana iya ƙin halin masu mulki, ya kuma ji zafi idan aka tsallake shi.

Tawayen Kalambaina ne ya sasanta su, wajen 1820. 'Yan tawaye suka yi ƙarfi a kusa da Gwandu, Bello ya kawo ɗauki, aka ci garin. Riwaya ta ce da suka haɗu Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa alama ya zauna, shi ya fara gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Bayan wannan ya sakar wa ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari yawancin harkokin mulki da yaƙi, ya koma ga ɗalibai da takardu har rasuwarsa wajen 1829. A Gwandu kabarinsa yake.

Bello fa? Shi ya haɗa taura biyu a baki, bai kuma shaƙe ba. Ya yi shekara 20 yana mulki yana yaƙi, ya kuma yi rubutu har a kan likitanci. Da Baturen Birtaniya Clapperton ya kawo masa littafin lissafi na Iƙlidis cikin Larabci, Bello ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar wani kwafi, gobara ce ta cinye shi.

Shin ko kun san halin Abdullahi ya bi jini? Ɗansa Halilu ya yi sarautar Gwandu daga 1833 zuwa 1858, kuma a ƙarshen zamaninsa ya fi karkata ga keɓewa da ibada. Da matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu a 1853, Halilu bai yarda sun yi ido huɗu ba, ta hannun 'yan aike aka gama komai. Sai dai keɓewar sarki tana da farashi, kuma talaka ke biya. Tun 1849 Yakubu Nabame ya ta da Kabawa, Argungu ta tsaya da ƙafarta, hanyoyin fatake suka zama abin tsoro har kusa da ganuwar Gwandu. A garin da sarki ya ƙi ganinsa ɗin ne kuma Barth ya sami aron Tarihus Sudan, littafin tarihin Sangai da Tumbuktu, ya zauna yana kwafe abin da ya iya. Ta hannunsa Turai ta fara sanin abin da ke cikin littafin, ko da yake ya kuskure marubucin, ya jingina shi ga Ahmadu Baba alhali na Abdurrahman Sa'adi ne.

Akwai kuma jikan Shehu ta wajen 'yarsa Hadiza, Abdulƙadir ɗan Tafa, wanda aka haifa a shekarar hijira, 1804. Bai yi sarauta ba, makaranta ya riƙe a Salame, yana rubutu a kan tarihi da falsafa da sufanci. Barth ya gana da shi, ya sa shi a sahun gaba na masanan ƙasar a wancan zamani.

A wajen ƙasar Hausa, wannan hali na basarake mai fifita karatu ya taɓa cin ran mai shi. Ulug Beg, jikan Taimur, ya mulki Samarƙand, ya gina gidan duban taurari a shekarun 1420, ya tsara jadawalin taurari sama da 1,000. Lissafin sama ya ƙware a kai, na fada ya gagare shi, ɗan cikinsa ya sa aka kashe shi a 1449.

Shin ko kun san tsohuwar Abuja ma tana da nata 'yan fada masu alƙalami? Abu Ja, ƙanin Sarkin Zazzau Makau, ya kafa garin a 1828, daf da rasuwar Abdullahi. Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya hau gado a 1944, malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina kafin rawani ya same shi. A zamaninsa Malam Hassan, Sarkin Ruwan Abuja, da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihi da al'adun garin da Hausa, aka buga fassararsa ta Ingilishi a 1952. A zamaninsa ne kuma, bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birni, garin ya bar wa Najeriya sunan Abuja ya koma Suleja.

Babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato sunan Abdullahi Fodiyo yake ɗauke da shi, haka ma fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi. Wanda ke son ya san mutumin da kansa, ya nemi Tazyinul Waraƙati wurin masu sayar da littattafan addini a Kasuwar Kurmi ko a Sakkwato, ya sami malamin da ya iya waƙen Larabci ya karanta masa, domin Larabcin Malam Abdullahi ba ya karantuwa da ka.