Dokokin 1798 a Amurka: Tsoron Faransa ko Tsoron Faɗuwa Zaɓe?

A watan Maris na 2025 gwamnatin Donald Trump ta kakkaɓe ƙurar wata doka da ta haura shekara 220, ta kafa hujja da ita wajen kwashe 'yan Venezuela zuwa kurkuku a El Salvador. Masu goyon baya suka ce ai doka ce ta magabata. Wannan hujja ta dame ni, domin tsufan doka ba ya wanke asalinta. Ɗaya ce cikin dokoki huɗu da shugaba na biyu, John Adams, ya sa wa hannu a 1798. Ita ce aka fi sassauta wa suka a lokacin, amma ciki ɗaya suka fito da sauran ukun, kuma abin da ya haife su fargabar faɗuwa zaɓe ce aka lulluɓe da rigar tsaron ƙasa.

Barazanar Faransa gaskiya ce. Jiragen ruwanta sun kame ɗaruruwan jiragen 'yan kasuwar Amurka, kuma da Adams ya tura wakilai uku Paris, mutanen ministan harkokin waje Talleyrand suka nemi toshiyar baki ta kusan dala 250,000 kafin a zauna. Da labarin ya fito a Afrilun 1798 ƙasa ta ɗau zafi. Sai dai maganin wannan ciwo jiragen yaƙi ne, kuma an samar da su, har aka kafa ma'aikatar sojan ruwa a shekarar.

To me ya kawo ɗaure 'yan jarida? Amsar na cikin rubutun dokar hana sukar gwamnati ta 14 ga Yuli. Ta tanadi tarar da za ta iya kai dala 2,000 da ɗaurin shekara biyu ga wanda ya ɓata sunan gwamnati, ko majalisa, ko shugaban ƙasa. Ba ta ambaci mataimakin shugaban ƙasa ba, kuma mai riƙe da kujerar shi ne Thomas Jefferson, madugun 'yan hamayya, wanda Adams ya kayar da ƙuri'un wakilan zaɓe 71 da 68 kacal a 1796. Kowa na iya zagin Jefferson ya kwana a gidansa. Sannan aka sa wa dokar wa'adin ƙarewa ranar 3 ga Maris 1801, wato ranar ƙarshe ta mulkin Adams. Dokar yaƙi da ƙarshen yaƙi ake ɗaura ta, wannan kuwa da ƙarshen wa'adin mai mulki aka ɗaura ta, don kada sandar ta koma hannun abokin gaba in mulki ya suɓuce. Haka ma dokar zama ɗan ƙasa, wadda ta mayar da jiran shekara 5 zuwa 14: baƙin da suka zo daga Ireland galibi Jefferson suke bi, sai aka nisanta su da ƙuri'a. Shugabannin jam'iyyar Federalist ta Adams ba su taɓa yarda a ransu cewa hamayya halal ce ba. A wurinsu mai sukarsu ɗan koren Faransa ne. Kuma a lura, Adams da kansa ya tura sabbin wakilan sulhu Faransa a 1799, duk da haka sai a 1800, shekarar zaɓe, aka gurfanar da marubuta Thomas Cooper da James Callender, aka ɗaure na farko wata shida, na biyu wata tara.

Masu kare Adams kan ce ba shi ya rubuta dokokin ba, bai kori baƙo ko ɗaya da ikon da ɗaya daga cikin dokokin ta ba shi ba, kuma dokar hana sukar gwamnati ta bar wa wanda ake tuhuma damar kare kansa in ya tabbatar gaskiya ya faɗa. Duk haka ne, kuma sulhun da ya ƙulla da Faransa duk da adawar Alexander Hamilton, jigo a jam'iyyarsa, ya cancanci yabo. Amma ya sa hannu alhali yana da ikon ƙi. Batun tabbatar da gaskiya kuwa, ta yaya mutum zai tabbatar da ra'ayi a gaban alƙalan da 'yan Federalist suka naɗa?

Daga ƙarshe reshe ya juya da mujiya. Matthew Lyon, ɗan majalisa daga Vermont, ya sha ɗaurin wata huɗu da tarar dala 1,000, mutanensa suka sake zaɓensa yana cikin kurkuku. Jaridun hamayya suka ƙaru maimakon su ragu. Jefferson da abokinsa James Madison suka rubuta wa majalisun Kentucky da Virginia ƙudurorin adawa da dokokin a asirce, na Kentucky har yana iƙirarin jiha na iya yanke cewa dokar tarayya ba ta da inganci, dabarar da masu kare bautar bayi a kudu suka ara daga baya. Wannan ɓarna ce da ba a cika lissafa ta cikin asarar 1798 ba. A zaɓen 1800 Adams ya tashi da ƙuri'a 65, Jefferson 73, kuma da aka kai kunnen dokin da Jefferson ya yi da abokin takararsa Aaron Burr gaban majalisar wakilai, Lyon na cikin waɗanda suka jefa wa Jefferson ƙuri'a. Sabon shugaban ya yafe wa waɗanda har lokacin ke ƙarƙashin hukunci, a 1802 aka mayar da jiran zama ɗan ƙasa shekara 5, tarar Lyon kuwa sai a 1840 majalisa ta mayar wa magadansa.