Tsohon Sim Ba Ya Mantuwa

Idan ɗan kasuwar Kantin Kwari ya rasu, cikin abin da magada kan tarar a durowarsa har da tsohon sim, wani ma mai tambarin Econet, kamfanin da ya fara aiki a watan Agustan 2001 tare da MTN, daga baya sunan Econet ɗin ya yi ta sauyawa har ya zama Airtel a 2010. Layin ya daɗe da mutuwa, amma lambobin da aka ajiye a kai, har kusan 250, suna nan daram. A cikinsu akwai abokan ciniki, akwai waɗanda ake bi bashi.

Sai a nufi wurin masu gyaran waya a titin Beirut ko Sabon Gari, a soka katin a na'urar karanta sim, kwamfuta ta yi shiru, mai gyara ya ce ya ƙone. A ganina an cika saurin yanke wannan hukunci, domin galibi laifin na na'urar ne. Tsofaffin na'urorin an ƙera su ne don kafar nan mai allura tara da ke bayan kwamfutocin da, manhajarsu kuma ta zamanin Windows XP ce, wadda Microsoft ta daina kula da ita a Afrilun 2014. Wayar da ke juya kafar zuwa USB kan ɗauki ɗan ƙwaƙwalwar Prolific PL2303, kuma Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin samfurinsa. Ga batun wuta: simukan farko bolt 5 suke sha, na baya 3 ko 1.8. Wani lokaci kuwa datti ne kawai a kan zinariyar katin, kilinar fensir ta wadatar.

Hanya mafi sauƙi ta karanta katin ita ce tsohuwar Nokia 3310 mai batir da rai; girman katin daidai da ita, ba sai an yanka shi ba.

Haɗarin gaske yana wajen lambar sirri. Kuskure uku a PIN ya kulle katin, goma a PUK ya kashe shi har abada. Don Allah, kada a bari kowa ya yi ta cankar lamba a kan sim ɗin mamaci, kuma duk abin da mai gyara ya gani a ciki amana ce.