Na'urar Hana Rawar Hannu a Gilashin Kyamara: Lissafi Kafin Zuba Jari

SULEJA — Masu sana'ar ɗaukar hoto a Suleja da Sabon Wuse, hedkwatar ƙaramar hukumar Tafa ta Jihar Neja, sukan sami yawancin aikinsu ne bayan La'asar, lokacin kamu da walima da liyafar dare, sa'ad da haske yake ƙaranci. Haka kuma masu ɗaukar Dutsen Zuma, wanda aka sa a takardar naira 100 a 1999, sun fi son hasken almuru. A irin waɗannan lokuta ne hoto kan fito dishi-dishi, mai biki kuwa ba ya biyan kuɗin hoton da bai ga fuskarsa ba.

Dalilin hakan shi ne, dogon gilashin da ke jawo nesa kusa yana ninka rawar hannu kamar yadda yake ninka girman abin da ake ɗauka. Tsohuwar ƙa'idar masu sana'ar ita ce, gilashi mai milimita 300 yana buƙatar ƙyauren kyamara ya buɗe ya rufe cikin kashi 1 bisa 300 na daƙiƙa. Idan duhu ya kawo, hasken da ke shiga cikin wannan ɗan lokaci ba ya isa.

Kamfanonin Japan ne suka kawo maganin matsalar. Nikon ya fitar da ƙaramar kyamara mai wannan fasaha a 1994, sa'an nan a 1995 Canon ya sa ta a gilashi mai milimita 75 zuwa 300. Wasu ƙananan na'urori ne a cikin gilashin ke jin karkatar hannu, nan take su matsar da wani ɓangarensa don ya rama motsin. Minolta kuwa a 2003 ya koma matsar da faifan karɓar hoto a cikin kyamarar kanta. Canon na kiran tasa IS, Nikon VR, Sigma OS, Tamron kuma VC.

Ana auna ƙarfinta da mataki-mataki, kowane mataki yana ninka lokacin buɗewar ƙyaure sau biyu. Gilashin Canon na 1995 ya ba da kimanin mataki 2, wato daga 1 bisa 300 zuwa 1 bisa 75. Mataki 4 yana kai mutum kusan 1 bisa 20. A 2020 Canon ya ce kyamararsa R5 na iya kaiwa mataki 8 da wasu gilasai.

Sai dai akwai abin lura ga mai zuba jari. Na'urar hannun mai ɗauka kaɗai take tsayarwa. Dutse da gini da ango zaune a kujera za su fito tangaram, amma masu rawa a fili, ko dawakan hawan Sallah, suna buƙatar ƙyaure mai sauri ko da wane gilashi aka ɗauka. Har ila yau ba ta maganin hazon hunturu.

Saboda haka, wanda akasarin aikinsa wurin rawa ne ya fi masa riba ya sa kuɗinsa a gilashi mai faɗin baki ko fitila mai ƙarfi. Mai ɗaukar gine-gine da filaye kuma sandar ƙafa uku na iya wadatar da shi a kan farashi kaɗan. Wanda yake yawo cikin taro yana ɗaukar manyan baƙi daga nesa, shi ne na'urar za ta mayar wa kuɗinsa da wuri.

Tun da Babban Bankin Nijeriya ya haɗe farashin canji a watan Yunin 2023 kayan waje suka ƙara tsada, don haka gilashi na hannu ya zama mafita ga masu ƙaramin jari. Mai saye ya kunna na'urar, ya danna maɓalli rabi, ya tabbatar hoton ya tsaya cik a mahangi. Sa'an nan ya ɗauki hoto goma a cikin shago ba fitila, ya ƙidaya masu kyau kafin ya ƙirga kuɗi.