Mai Lamba Tara Da Ke Tsaron Baya

Shekara uku ke nan ina buga wa ajinmu ƙwallo a makarantar nan, kuma kullum a baya nake tsayawa. A cikin shekarun nan ban taɓa jin an kira sunana a wurin taron safe ba. Ran da muka ci, sai a ɗauki wanda ya jefa ƙwallo a raga a kafaɗa, a yi ta zagaya fili da shi. Ran da aka ci mu kuwa, sai kowa ya waiwayo yana cewa, "Wai ina 'yan baya suke?" Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

A hutun da ya wuce na kai kukana wurin kawuna, na ce masa ni kam na gaji, in an koma makaranta ko dai a mai da ni gaba, ko kuwa in ajiye takalmin. Ya yi dariya, ya ce, "Kai yaro, ka san Zmuda?" Na ce ko sunan ban taɓa ji ba. Sai ya ba ni labarin yadda a 1982, yana saurayi, suka taru a gidan wani maƙwabcinsu suna kallon wasan Kamaru da Polan a talbijin. A shekarar ce Kamaru ta fara zuwa gasar Kofin Duniya, saboda haka duk ɗakin ita ake goya wa baya. Ya ce akwai wani dogon Bature mai lamba tara a bayan rigarsa, amma maimakon ya je gaba kamar yadda aka san masu wannan lamba, sai ya kafe a gaban golansu. Duk inda Roger Milla ya juya sai ya tarar da shi. Aka tashi canjaras, ba wanda ya ci. Kawu ya ce ranar ya ji haushin mutumin ƙwarai, amma ga shi yau fiye da shekara arba'in bai manta da shi ba.

Wannan ne ya sa na shiga neman labarin mutumin, kuma abin da na samo shi ne nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Sunansa Wladyslaw Zmuda, amma a bakin mutanen ƙasarsu sunan ya fi kama da "Jimuda". An haife shi ran 6 ga Yuni, 1954, a Lublin, wani gari a gabashin Polan. A kulob ɗin garinsu, Motor Lublin, ya fara wasa, sa'an nan ya koma Gwardia a Warso, babban birnin ƙasar. A wancan zamani Polan tana ƙarƙashin mulkin kwaminis, kuma kusan kowane kulob yana da hukumar da ke riƙe da shi. Gwardia na 'yan sanda ne. Slask Wroclaw, inda ya koma a 1974, na soja ne. A takarda 'yan wasan ba sana'ar ƙwallo suke yi ba, ma'aikata ne kawai masu wasa don sha'awa, shi ya sa ma aka bar su suka buga gasar Olamfik ta 1976 a Montreal, inda Zmuda da abokansa suka samo lambar azurfa bayan Jamus ta Gabas ta ci su 3 da 1 a wasan ƙarshe.

Amma bari mu koma 1974, don a nan ne duniya ta fara saninsa. Mai horad da 'yan wasan Polan, Kazimierz Gorski, ya ɗauki wannan yaro ya tafi da shi Jamus ta Yamma, ya kuma sa shi a tsakiyar baya tare da wani ƙato mai suna Jerzy Gorgon. Zmuda ya cika shekara 20 ana saura mako guda a fara gasar. Ku duba fa, bai fi wasu 'yan aji shida na makarantar nan da shekara biyu ko uku ba! Ya buga duk wasanni bakwai ɗin da ƙasarsa ta yi. Suka ci Ajantina 3 da 2, suka yi wa Haiti 7 da nema, suka kori Italiya gida da ci 2 da 1, sa'an nan suka gama da Suwidin da Yugoslabiya.

Wasa ɗaya tak suka faɗi, shi ne wanda suka yi da masu masauki a Frankfurt. Ranar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama tafki, har sai da aka kawo injuna ana zuƙe ruwan kafin a fara. In aka buga ƙwallo ba ta gudu, sai ta tsaya cik a cikin ruwa. Duk wanda ya taɓa tsaron baya a filinmu da damina ya san abin da nake nufi: ba ka san inda ƙwallo za ta tsaya ba, in kuwa ka zame sau ɗaya, shi ke nan. Golan Polan, Jan Tomaszewski, ya tare bugun fenariti, amma can wajen ƙarshe Gerd Muller ya sami 'yar kafa ya jefa ɗaya. Bayan kwana uku Polan ta ci Barazil ɗaya da nema, ta zo ta uku a duniya.

To, in ka tambayi masu sanin tarihin ƙwallo game da Polan ta 1974, sunan da za su fara kawo maka shi ne Grzegorz Lato, wanda ya ci ƙwallo 7, ya fi kowa a gasar. Ban ce bai cancanta ba. Amma ni da na zauna na yi lissafi, sai na ga a wasa bakwai ƙwallo 5 kaɗai ta shiga ragarsu, kuma wasanni uku daga cikin waɗanda suka ci, da ƙwallo ɗaya tak suka fi abokan karawarsu, ban da na Suwidin da na Barazil da aka tashi ɗaya da nema. Da 'yan baya sun yi sake ko sau ɗaya a irin waɗannan wasanni, da ƙwallayen Lato ba su kai su ko'ina ba. Daga baya hukumar FIFA ta lissafa Zmuda a matsayin matashin da ya fi kowa a gasar ta 1974.

A gida kuma bai zauna haka nan ba. Da shi Slask ta ci kofin ƙasa a 1976, ta kuma zama zakarar Polan a 1977, karo na farko a tarihinta. A 1980 ya koma Widzew, kulob na unguwar ma'aikatan masaƙu a birnin Lodz, suka zama zakaru sau biyu a jere, 1981 da 1982. A wannan lokaci ne Widzew ta fitar da Manchester United da Juventus daga gasar Kofin UEFA. Gasar duniya ta 1978 a Ajantina ba zan tsaya a kanta ba. Ya buga wasa shida, aka fitar da su a zagaye na biyu.

Akwai wani abu da ya faru a ƙarshen 1980 wanda ya nuna mini halinsa. Za su tashi daga Warso zuwa wasa a waje, sai shugabanni suka ce golansu, Jozef Mlynarczyk, ya karya doka, ba za a tafi da shi ba. Zmuda da Zbigniew Boniek da wasu suka tsaya masa. Aka dakatad da su daga wasa na wani lokaci. Ba ina cewa ɗalibi ya yi wa malami tsaurin ido ba ne, a'a. Abin da na lura da shi kawai shi ne, da aka je Sifen a 1982, wannan golan ne a raga, Zmuda kuwa shi ne kyaftin a gabansa.

Sun je gasar nan ƙasarsu tana cikin halin ƙunci, don tun ran 13 ga Disamba, 1981, gwamnati ta kafa dokar soja saboda rikicinta da ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc. Duk da haka a wasanni biyar na farko, wato da Italiya, da Kamaru, da Peru, da Beljiyam, da Tarayyar Sobiyat, ƙwallo ɗaya rak aka ci su. Uku daga ciki an tashi ba ci. Na san 'yan kallo ba sa son irin wannan wasa, suna cewa an ɓata musu lokaci, amma ga ɗan baya, a tashi ba a taɓa ragarsa ba shi ne cinsa. Sai a wasan kusa da na ƙarshe Paolo Rossi na Italiya ya ci su biyu. Suka juya kan Faransa suka ci ta 3 da 2, suka sake zuwa na uku.

Daga nan labarin ya canja. A wancan zamani ba a cika barin ɗan wasan Polan ya fita waje ba sai ƙarfinsa ya fara raguwa, wajen shekara talatin. Zmuda ya sami izini a 1982 yana da shekara 28, ya tafi Verona a Italiya. Da zuwansa sai gwiwa ta ci amanarsa. Shekara biyu ya yi yana jinya, wasannin da ya buga musu ba su kai goma ba. A 1984 ya bar su ya tafi New York Cosmos a Amurka, a shekarar da gasar da kulob ɗin ke bugawa ta yi kakarta ta ƙarshe. Abin tausayi, shekara ɗaya da barinsa Verona, wato 1985, kulob ɗin ya zama zakaran Italiya, abin da bai taɓa yi ba, bai kuma sake yi ba har yau. Shi kuwa a lokacin yana Cremonese, wadda a kakar nan ta faɗa rukuni na biyu. A can ya ajiye takalmi a 1987.

Kafin nan an tafi da shi gasarsa ta huɗu, a Meziko a 1986. Yana benci har wasan ƙarshe da suka yi, wanda Barazil ta ci su 4 da nema. Ana saura 'yan mintoci a tashi aka sa shi. Wannan ya zama wasansa na 21 a Kofin Duniya, ya kamo Uwe Seeler na Jamus, wanda a lokacin ba wanda ya fi shi. Wani zai ce alfarma aka yi masa. Ni dai a ganina wanda ya tsaya musu a wasa ashirin, bai ci bashin mintoci kaɗan ba. Sai a 1998 Lothar Matthaus ya wuce su ya kai 25, sa'an nan Messi ya kai 26 a 2022. Gaba ɗaya Zmuda ya buga wa ƙasarsa wasa 91, ƙwallo 2 kaɗai ya ci.

Da aka dawo hutu ban ajiye takalmin ba, ban kuma koma gaba ba. Sai dai na je na roƙi malamin wasanni ya ba ni riga mai lamba tara. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ina aka taɓa ganin ɗan baya da lamba tara? Na ce a Jamus a 1974, da Sifen a 1982. Ya ce in rubuto masa a takarda ya gani, shi ya sa na yi wannan rubutu. Rigar dai har yanzu tana wurin mai ita.